Kawu ya ce in karɓi sakataren jam'iyya, Inna ta ce ba da yawunta ba

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Marusa, shekarata 31. A zaɓen 2015 ina cikin waɗanda suka kwana a rumfa, muka kasa, muka tsare, muka raka. Daga baya na ga rayuwa ba ta sauya yadda muka zata ba, 'yan uwanmu na Batsari suka baro gonakinsu suka dawo gari, sai zuciyata ta mutu. A 2023 ko ƙofar gida ban fita ba. To yanzu kawuna, wanda ya daɗe cikin shugabannin jam'iyya a mazaɓarmu, ya ce dattawa sun yarda a ba ni sakatare idan an zo zaɓen shugabannin mazaɓa, don ina da karatu kuma matasa na jin maganata. Inna ta ce ba da yawunta ba, wai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abokaina a majalisa dariya suke mini, suna cewa jam'iyyun nan Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, gara ma soja ya dawo. Raina ya rabu biyu. Ina tsoron in shiga in lalace, ina kuma jin kunyar in ci gaba da surutu a bakin shago ba tare da na tsinana komai ba. In karɓa ko in bari?

Daga wani tela, Katsina.

Wa'alaikumus salam, ɗana.

Ka karɓa. Amma da sharaɗi, kuma sai bayan Inna ta sa albarka. Bari in gaya maka dalilina, don ina so ka shiga da idonka a buɗe.

Ɓacin ranka yana da tushe, kuma ba kai kaɗai ka zauna a gida ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kusan mutum 69 cikin 100 na masu rajista sun fito. A 2015 ya sauka zuwa wajen 44, a 2019 wajen 35, a 2023 kuwa wajen 27 kacal. Mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su wuce miliyan 25 da wani abu ba. A nan Katsina abin ya fi fitowa fili. A 2015 marigayi Muhammadu Buhari shi kaɗai ya samu ƙuri'a 1,345,441 a jihar nan. A 2023 Atiku ya samu 489,045, Tinubu ya samu 482,283, in ka haɗa su biyun ba su cika miliyan ɗaya ba. Na san akwai ƙarancin kuɗin da aka sha a wancan lokacin saboda sauyin takardun naira, akwai ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, akwai kuma sunayen mamata da na waɗanda suka yi ƙaura da har yanzu suke cikin rajista. Duk da haka babban dalilin shi ne wanda ka faɗa da bakinka: zuciya ta mutu. Amma ka lura da tazarar da ke tsakanin mutanen nan biyu, ba ta kai 7,000 ba, a jihar da ke da rumfunan zaɓe sama da 6,000. Kusan ƙuri'a ɗaya ke nan a kowace rumfa. Taka tana cikin waɗanda suka kwana a aljihu.

Abin da nake gani ya same mu a 2015 shi ne mun bi mutum, ba mu riƙe jam'iyya ba. Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya yi takara a ANPP a 2003 da 2007, mutane suka bi shi. Ya koma CPC ya yi takara a 2011, suka bi shi. Aka haɗa APC a 2013, suka bi shi. Aka ce sak, aka yi sak, daga sama har ƙasa, mutane da yawa ba su ma san sunan ɗan majalisar da suka dangwala wa ba. Da aka gama zaɓe kowa ya koma shagonsa da gonarsa yana jiran sauyi ya iso. Ofishin jam'iyya na mazaɓa aka bar wa mutum goma ko ashirin, waɗanda dama can su ne ke ciki. Babu wanda ya rage da zai kira kansila ko ɗan majalisa ya ce zo ka yi mana bayani. Ƙaunar da aka nuna gaskiya ce, wahalar da kuka sha a rumfa gaskiya ce, sai dai ba a zuba ta a cikin wani abu da zai riƙe ta bayan ranar zaɓe ba.

Ga abin da abokanka na majalisa ba su lissafa ba. Tsarin mulkin 1999 bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba. Daga ɗan majalisar jiha har shugaban ƙasa, dole mutum ya zama ɗan jam'iyya kuma ita ta tsayar da shi, sashe na 221 ma ya hana duk wata ƙungiya da ba jam'iyya ba nema wa ɗan takara ƙuri'a. Ke nan duk wanda ka tarar a takardar zaɓe, wasu ne suka riga ka zaɓar shi watanni kafin ka shiga layi. Kai tela ne, ka fi ni sanin cewa a teburin yanka riga ke gyaruwa ko ta ɓaci. In an yanka ba daidai ba, duk ƙwarewar mai ɗinki haƙuri kawai zai ba mai kaya. Zaɓen fidda gwani shi ne yankan, ranar zaɓe ɗinki ce.

Dubi 2022. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361. APC ta ɗauki daliget biyar daga kowace mazaɓa, mutum 1,805 ke nan, su suka fitar da ɗan takarar gwamna. Dikko Raɗɗa ya yi nasara da ƙuri'a 506, Mustapha Inuwa ya zo na biyu da 442. PDP kuma daliget uku-uku ta ɗauka daga kowace mazaɓa. Ban kawo wannan don yabon wani ko sukar wani ba. Ina so ka ga lissafin ne: jihar da ke da masu rajista kusan miliyan uku da rabi, mutum kusan dubu uku ne a manyan jam'iyyun biyu suka yanke mata waɗanda za ta zaɓa a tsakaninsu. Daliget ɗin nan kuwa daga mazaɓa irin taku suka fito, daga cikin mutanen da suka yarda su zauna a taron da kai kake jin ƙyamar zuwa. Ka tambayi kawunka labarin 2011 ma, lokacin da rikicin fidda gwani ya raba CPC ta Katsina gida biyu, ɓangaren Lado Ɗanmarke da na Aminu Masari. An yi zaɓe, an rantsar da mutane, daga baya aka karɓe kujerun sanata biyu da 'yan majalisar wakilai takwas aka miƙa wa ɗaya ɓangaren. Ƙuri'un talakawa ba su sauya ba ko ɗaya. Rigimar cikin gida ce ta yanke wanda zai zauna a kujerar.

Maganar cewa duk ɗaya ne, akwai gaskiya a ciki kuma ba zan ɓoye maka ba. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP. Mutum ya kwana a wannan jam'iyya ya tashi a waccan, bai sauya komai ba sai hula. Ka tsayar da ɗan jam'iyya a kasuwa ka tambaye shi me jam'iyyarsa ta ce a kan taki ko makarantar firamare, da wuya ya ba ka amsa. Tushen cutar a ganina kuɗi ne: 'yan jam'iyya sun daina ciyar da ita, ita suke jira ta ciyar da su. Wanda ya biya hayar ofis, ya sayi kujeru, ya ba da kuɗin mota duk ranar taro, shi ne mai jam'iyya, kuma ranar ɗauki-ɗora ba mai bakin hana shi. Wannan raguwar ba a nan kaɗai take ba. Jam'iyyar Conservative ta Ingila tana da mambobi kusan miliyan 2.8 a farkon shekarun 1950, yau ba su kai 200,000 ba. Bambancin shi ne su suna da kotu da jarida da hukumomin da ke rage ɓarna, mu kuwa in jam'iyya ta zama fanko, ubangida ne ke shigewa ya zauna.

Amma ba haka aka faro ba, kuma kai ɗan Katsina bai kamata wannan tarihin ya wuce ka ba. Da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ƙashin bayanta teloli ne irinka, da mahauta, da 'yan koli, da malaman zaure. An ɗaure su a gidajen yarin En'e, an yi musu bulala, ba don suna jiran taliya ko atamfa ba. Suna da magana guda da kowa ya haddace, a sauke wa talaka zalunci. Da PRP ta gaje ta, ta ci tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina tana cikinta, Balarabe Musa ya soke haraji da jangali kamar yadda jam'iyyar ta yi alkawari. Majalisar da NPN ke da rinjaye a cikinta ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta tsige shi a watan Yuni 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. PRP ɗin ma ta tsage, Santsi da Taɓo, don haka kada ka ɗauka mala'iku ne. Sai dai makiyayin da aka daina ƙirga wa shanu ya san bambancin wannan jam'iyya da waccan a cikin garkensa. A zamanin ne kuma Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan gidan Matawalle, ya kasance ɗan PRP alhali mahaifinsa na cikin manyan NPN. Jam'iyya tana da ma'anar da za ta sa ɗa ya saɓa wa uba cikin ladabi. Mutane ne suka cika ta da wannan ma'anar, kuma da suka janye ta zube.

Batun gara soja kuwa yana ɓata mini rai, musamman daga bakin Bakatsine. Shehu Musa 'Yar'aduwa a gidan yarin Abakaliki ya rasu a watan Disamba 1997, ƙarƙashin mulkin soja. A 1998 jam'iyyu biyar ɗin da gwamnatin Abacha ta yi wa rajista duk shi suka tsayar ɗan takararsu. Yawancin abokanka ba su yi wayo a lokacin ba. Ga Nijar nan kusa, daga Jibiya kana shiga Maraɗi: tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka dakatar da jam'iyyu, a 2025 aka rushe su gaba ɗaya. Kowa na da ra'ayinsa a kan abin da ya kai su can. Tambayata ɗaya ce, in shugaban ya ɓata maka rai, ranar yaushe za ka sauke shi, kuma a wace rumfa? Farar hula mai laifi yana da ranar da zai dawo ƙofar gidanka yana roƙo.

Yanzu ga kujerar da aka yi maka tayi. Mutane na raina sakataren mazaɓa don ba shi da mota ba shi da albashi, amma littafi yana hannunsa. Shi ke riƙe rajistar 'yan jam'iyya, shi ke kiran taro, shi ke rubuta abin da aka yanke. Tun a 2022 Dokar Zaɓe ta wajabta wa kowace jam'iyya ajiye rajistar mambobinta ta kuma miƙa wa hukumar zaɓe kafin fidda gwani. Ko ƙato-bayan-ƙato za a yi, ko masalaha, daga wannan littafin ake farawa, kuma a nan ake fara maguɗi: a cusa sunayen da ba su san an rubuta su ba, a cire na waɗanda ake tsoron bakinsu. Sakatare mai gaskiya guda ɗaya yana iya hana wannan a mazaɓarsa. Ba zai gyara Najeriya ba, ba zai mayar da 'yan uwanka gonakinsu na Batsari ba, kuma duk wanda ya ce maka zai iya yaudararka yake yi. Amma mazaɓa ɗaya cikin 361 abu ne da hannun mutum ɗaya ke iya kaiwa.

Kafin ka ce wa kawu to, ka zauna da shi ku biyu, ba a gaban dattawa ba. Ka tambaye shi cikin ladabi: Kawu, wa ya kawo sunana, kuma me ake so in yi masa? In akwai wani mai neman takara da ke bayan wannan tayin, gara ka sani yau. Ka tambaye shi zaɓe za a yi a fili ko jerin sunaye za a rubuto daga wani ɗaki. In masalaha ce, ba laifi ba ce a kanta, amma ka nemi a kira 'yan jam'iyya a karanta sunayen a gabansu su ce sun yarda. Ka nemi kundin tsarin jam'iyyar ka karanta shi daga farko har ƙarshe, don za ka yi mamakin yawan shugabannin da ba su taɓa buɗe shi ba, kuma ranar rigima wanda ya san abin da ke ciki shi ke da baki. Sannan ka tambayi kanka ko wannan jam'iyyar kake so, ko don ta kawu ce. Ni ban ce maka ga wadda za ka shiga ba. In zuciyarka na wata, ka je can ka yi irin wannan aikin, kawu zai yi fushi ya huce.

Sharaɗin da na fi nauyaya maka shi ne kada ka rufe shago. Duk matashin da na ga siyasa ta lalata, daga nan ya fara. Ya bar keken ɗinki ko teburin kasuwa, ya koma zaman ƙofar gidan mai girma daga safe har dare, yana jiran a fito a miƙa. Daga ranar da abincin gidanka ya koma aljihun wani, bakinka ma ya koma can. In allura da zare ke ciyar da kai, kana iya cewa a'a ka kwana lafiya. Ka sa wa harkar jam'iyya lokaci, bayan la'asar ko ranar da ba ka da aiki da yawa, kuma watan azumi da dab da salla kowa ya san inda zai same ka.

Akwai abubuwan da za ka gaya wa kawu tun yanzu cewa ba za ka yi ba, don kada a ce daga baya ka ba da kunya. Ba za ka ɗauki kuɗi ka raba a layin zaɓe ba. Ba za ka sa hannu a takardar taron da ba a yi ba. Ba za ka rantse da Alƙur'ani cewa wane za ka zaɓa ba. Ba kuma za ka tara kauraye ko ka saya wa yaron wani ƙwaya don a yi rakiyar ɗan takara ba. Wannan na ƙarshe ka riƙe shi da ƙarfi, domin an ce matasa na jin maganarka, kuma ina zargin wannan ne abin da wasu suka hango a jikinka. Yaran nan ƙannenka ne, bayan zaɓe a unguwarku za su zauna da abin da aka koya musu. Ranar da aka ce dole sai ka yi ɗaya daga cikin waɗannan, ka rubuta takardar ajiye muƙami, ka karanta ta a gaban taro, ka miƙa littafi, ka ci gaba da zama ɗan jam'iyya mai kati. Ba abin kunya ba ne.

Aikin da za ka fara da shi ƙarami ne. Ka gyara rajista, gida-gida, mutum da katinsa. Ka roƙi a riƙa taro duk wata, ko da mutum goma sha biyar ne a kan tabarma, kuma a rubuta. Ka kawo shawarar kowa ya riƙa ba da ɗan abin da ya sawwaƙa, ko naira ɗari biyu ce, a karanta lissafi a fili, don ku sayi ruwan da za ku sha a taronku da kuɗinku. Za a yi maka dariya da farko. Ku ɗauki matsala guda ta mazaɓar, magudanar da ke cika gidaje da ruwa duk damina, ko rijiyar burtsatsen da ta mutu, ko ajin da ba rufi, ku gayyaci kansila da takarda ya zo ya faɗi abin da zai iya da ranar da zai yi, ka rubuta, bayan wata uku ka karanta masa. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 a kan kuɗin ƙananan hukumomi, kuna da hujjar tambayar ciyaman abin da ya shigo da inda ya tafi. Kuma ka tuna da mata. Su ne ke cika layi tun asuba, amma a jam'iyya an bar musu kujera ɗaya da rabon atamfa. A sa lokacin taro da wurin da za su iya zuwa, a kuma saurare su.

Abokanka na majalisa kada ka yi musu wa'azi. Ka ce biyu ko uku su raka ka taro sau ɗaya. Tun 2018 doka ta sauke shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, ke nan babu ɗaya a cikinku da ya yi ƙanƙanta. In ku ashirin kuka yanki kati a mazaɓa ɗaya kuna zuwa taro, an daina rubuta sunan daliget ba a tambaye ku ba.

Saura Inna. Tsoronta gaskiya ne, ta ga 'ya'yan maƙwabta sun shiga da mutuncinsu sun fito ba shi, wataƙila ta ga abin da ya fi haka a wajen ɗan uwanta da ba ta gaya maka ba. Kada ka aika kawu ya lallashe ta, kuma kada ka karɓa a ɓoye ta ji a bakin mutane. Ka same ta da kanka bayan isha'i, ka zauna ƙasa, ka tambaye ta me take tsoro, ka bar ta ta gama. Sannan ka lissafa mata abubuwan nan huɗu da ka ce ba za ka yi ba, ka ce mata shago na nan, kuma ita ce alƙali: duk ranar da ta ga ka fara ƙarya, ko sallarka ta fara yin wasa, ko wasu baƙin fuskoki sun fara sallama da kai da tsakar dare, ta ce ka ajiye, za ka ajiye ba gardama. Ka roƙi ta ba ka zango ɗaya ta gani. In ta yarda, ka nemi ta yi maka addu'a kafin ka je wajen kawu. In ta ƙi bayan duk wannan, ka bar kujerar a wannan karon, ka gaya wa kawu gaskiyar dalili. Yankar katin jam'iyya da zuwa taro a matsayin mamba ba su kai nauyin muƙami ba, ka nemi izninta a kan wannan kaɗai, ka kuma duba katin zaɓenka tun yanzu ko yana nan da rumfar da sunanka yake.